Tun da aka watse suna ban daina kuka ba, ko ni kaɗai ce?

Maman Haidar: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe a zauren nan ina karanta saƙonni kawai, yau dai abin ya ci tura. Watana 3 da haihuwa, haihuwa ta biyu. Lafiya lau na sauka, yaro yana shan nono yana ƙiba, maigida bai rage ni da ci da sha ba. Amma tun da aka watse suna ban sake jin daɗin komai ba. Ko yaro ya yi barci ni ba na runtsawa, idona biyu har a kira assalatu. Abinci sai in tura da ƙyar saboda nono. A banɗaki nake kuka don kada a ji. Wanda ya fi tayar min da hankali, in yana kuka sai in ji kamar ɗan wata ne aka ba ni ajiya. Jiya na daɗe ina kallonsa yana tsala ihu ban ɗauke shi ba, da na ɗauka ni da shi muka yi ta yi. Na faɗa wa maigida, ya ce me na rasa. Na faɗa wa Yaya, ta ce in yi istigfari, wasu shekara 10 suna nema ba su samu ba. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na ja bakina. A haihuwar fari ban ji haka ba, amma lokacin gida na je wanka wurin Umma. Allah ya yi mata rasuwa ina da cikin nan wata 4. Don Allah wannan ciwo ne, ko imanina ne ya yi rauni?

Ummu Sumayya: Wa alaikumus salam. Allah ya ji ƙan Umma. Na karanta har ƙarshe hawaye na zuba, don kamar labarina kika ɗauko. Ba ke kaɗai ba ce wallahi.

Gwaggon Yara: 'Yata sannu, Allah ya raya. Ni haihuwata 9, 7 na raye, kuma ban san wannan abu ba, ƙawayena ma haka. A da mai jego ba ta ɗora tukunya sai ta yi arba'in. Da asuba an dafa mata ruwa da ganyen runhu ko darbejiya, a yi mata wanka, a gasa mata jiki, ga kunun kanwa ga kauri. Tsohuwa na kwance kusa da ita, yaro na motsawa ta ɗauke. Yanzu kun ce ku gidan kanku kuke so, ƙofa a rufe, daga ke sai waya. Kwana 10 mai zaman daɓaro ta tafi. Ba dole zuciya ta yi nauyi ba? Ki dage da azkar, ki rage waya, ki nemi dattijuwa a dangi ta zo ta zauna da ke. Ban da kai kanki asibiti a rubuta miki sunan da zai bi ki har 'ya'yanki.

Anti Nas: Gwaggo ina wuni. Rabin maganarki ina tare da ke ɗari bisa ɗari, rabin kuma ki yi min haƙuri. Ungozoma ce ni, shekarata 16 a ɗakin haihuwa da ɗakin awo.

Maman Haidar, abin da kika lissafa yana da suna: ciwon damuwa na bayan haihuwa. Abubuwa uku ne mutane ke cakuɗawa. Akwai 'yar ƙuncin da ke zuwa kwana 3 zuwa 5 da sauka, mace ta yi ta kuka ba dalili, abu kaɗan ya ɓata mata rai. Fiye da rabin masu jego na yin wannan, kuma kafin mako 2 ya wuce da kansa. Dalilinsa a jiki yake. Lokacin ciki mabiyiya na zuba sinadaran istirojin da firojestaron masu yawan gaske, tana fita sai su faɗi ƙasa cikin 'yan kwanaki, ga ciwon jiki ga rashin barci. Idan ƙuncin ya haura mako 2, ya hana barci da ci, ya raba uwa da jin daɗin ɗanta, ya sa tana ganin ita ba uwar kirki ba ce, to ya zama ciwo. Yana iya farawa tun da ciki, yana iya ɓullowa kowane lokaci cikin shekarar farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kashi 13 cikin 100 na sababbin masu jego na fama da larurar ƙwaƙwalwa, galibi wannan damuwar, a ƙasashe masu tasowa kuwa abin ya kusa kashi 20. Wato kusan mace 1 cikin kowace 5 da ke zaune layin rigakafi. Na ukun shi ne rikicewar hankali gaba ɗaya, shi ba shi da yawa, zan dawo kansa.

Gwaggo, inda kika yi gaskiya: rashin mai taimako na cikin manyan abubuwan da ke jawo shi, kuma zaman arba'in na da kariya ne babba. Inda na saɓa: a da ma akwai shi. Sunansa ne daban. Ana cewa nono ya hau mata kai, ko iska ta taɓa ta, ko ta faye baƙin rai tun da ta haihu.

Gwaggon Yara: Nono ya hau kai kam mun sani. Akwai wata a layinmu da aka yi wa haka, har aka mayar da ita garinsu.

Anti Nas: To kin gani Gwaggo. Kuma tun da kin ambaci kunun kanwa, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da yawan kanwa da kwanciya kan gadon wuta. Mai jegon da ƙafa ta kumbura, numfashi na yi mata wuya in ta kwanta, a kai ta asibiti ranar. Zaman tsohuwa da hutun girki a riƙe su hannu biyu, kanwar a rage.

Amaryar Bara: Ni ba kaɗaici ne ya kayar da ni ba, gida cike yake da mutane. Aiki aka yi min bayan na kwana 2 ina naƙuda. Ina kwance da ɗinki wata daga dangin miji ta shigo barka, ta ce 'yan yanzu ragwaye ne, su a tsugune suke haihuwa su tashi su share wuri. Aka yi dariya, ni ma na yi yaƙe. Wata 5 maganar nan na yi min yawo a ka. Nono bai zo da wuri ba, aka ce ga shi nan ko shayarwa ta gagare ta. Duk sanda na rufe ido sai in ga fitilar ɗakin tiyata. Har yau in na ji wata na naƙuda gabana faɗuwa yake.

Maman 'Yan Mata: Tawa ta huɗu ce mace. Da aka faɗa masa a waya cewa ya yi "to, Allah ya raya", ya kashe. Ragon suna ma sai da aka yi masa magana. Kafin in yi arba'in na ji ana kai lefe. Ba auren nake ƙi ba, halal ne, amma a bari jinin biƙi ya ɗauke mana. Ranar da aka kawo amarya ina ɗaki da jaririya a cinya ina jin guɗa. Na rame har zobe ya daina zama a yatsana, kowa ya ce kishi ne. Ni na san abin ya wuce kishi, don ko 'ya'yana ba na son su matso kusa da ni.

Ummu Sumayya: Innalillahi. Shi kuwa namiji ko mace ai daga wurin uban ne, ba a gaya masa ba?

Anti Nas: Daga maniyyin uba ne, da ikon Allah. Ku duba abin da kuka faɗa da bakinku, kusan duk abubuwan da aka sani suna jawo ciwon kun kawo su. Rasuwar makusanci lokacin ciki, kamar ta Maman Haidar. Wahalar naƙuda da aikin gaggawa. Gori kan jinsin jariri. Rashin jituwa da miji, ballantana in akwai duka ko zagi, wannan yana sahun gaba. Sai waɗanda ba a ambata ba tukuna: cikin da ya zo ba a shirya ba, irin kwanika, mace na goyon ɗan wata 6 ta ga wani cikin, haihuwar bakwaini ko yaro mai laulayi, wadda ta taɓa ɓari ko ta haifi ba rai, musamman in an fara kiranta mai wabi, yarinya ƙarama da ta haihu ba ta gama sanin kanta ba, wadda ta samu yoyon fitsari. Wanda ya fi duka ƙarfi kuma shi ne in mace ta taɓa yin ciwon damuwa a baya, ko tun tana da cikin, ko akwai shi a gidansu. Saboda haka Amarya, in Allah ya kawo wani cikin ki faɗa tun ranar awon farko.

Akwai na jiki ma da ya kamata a duba. Ƙarancin jini bayan zubar jini da yawa yana kawo kasala da mutuwar jiki. Wasu kuma ƙululun maƙogwaro da ake kira tayirod ne ke rikice musu bayan haihuwa, alamunsa su yi kama da damuwa. Gwajin jini ne ke raba gardama.

'Yar Maraɗi: Kun manta babba, talauci. Mu nan maza da yawa in an gama aikin gona sai su tafi bida, wasu Najeriya, wasu Libiya ko Aljeriya. Mace ta haihu miji ba ya nan, hatsi ya ƙare a rumbu, ita ce daka ita ce ɗibar ruwa. Wa zai tambaye ta ya zuciyarki? Ni da na haihu na uku, tunanin abin da za a ɗora gobe shi ke hana ni kwana, ba kukan yaro ba.

Maman Haidar: Ni kuwa abin da ke ƙara min ciwo ke nan, 'yar uwa. In na ji irin naki sai in ga ni ba ni da hujjar kuka.

Anti Nas: Ciwo ba ya neman hujja. Mai kuɗi na yin hawan jini, talaka na yi. Talauci na ƙara haɗarin, wadata ba ta hana shi.

Hajiya Mai Atamfa: Ni fa ku yi min uzuri, ba komai ne na asibiti ba. Mai jego jikinta a buɗe yake, ba ta salla, shi ya sa iyayenmu ke ajiye wuƙa a kan gadon jariri, ba a barin ta ita kaɗai da magariba. Ƙanwar mijina kwana 6 da haihuwa ta fara surutai, ta ce ana kiran sunanta ta taga, ta ce an canza mata jariri. Kwana 3 ba ta yi barci ba kuma ba ta gaji ba. Wannan kuma damuwa za ku ce? Malami aka kira ya yi ruƙiyya.

Anti Nas: Hajiya, wannan shi ne na ukun da na ce zan dawo kansa, kuma don Allah kowa ta karanta da kyau. Rikicewar hankali ta bayan haihuwa tana samun mace 1 zuwa 2 cikin 1,000, yawanci cikin mako 2 na farko, kuma da sauri take zuwa. Jin muryoyi, ganin abin da ba a gani, zargin an canza jariri ko za a cutar da shi, kwanaki ba barci. Gaggawa ce kamar jijjiga ko zubar jini, domin tana iya illata kanta ko jaririn ba da saninta ba. Ba a barin ta ita kaɗai da yaro, ba a ɗaure ta, ba a dukanta da sunan fitar da aljani. A yi addu'a a cikin mota ana tafiya asibiti. Kuma ana warkewa sarai. Ya ta ƙare da ita?

Hajiya Mai Atamfa: An yi mako 2 ana ruƙiyya, ranar da ta nufi rijiya da yaron aka kai ta asibiti. Ta yi wata ɗaya ta dawo. Yanzu 'ya'yanta 3. Ni dai har gobe ina ganin biyun ne suka haɗu suka yi aiki.

Malama Ta Islamiyya: Ba zan yi jayayya da Hajiya kan wannan ba, addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza. Tambayar Maman Haidar nake son amsawa, da ta ce ko imaninta ne ya yi rauni. Ƙanwata, buɗe Suratu Maryam aya ta 23. Nana Maryam, wadda Allah ya zaɓa a kan matan duniya, da naƙuda ta kai ta gindin dabino ita kaɗai, cewa ta yi ina ma ta mutu kafin wannan, ta zama abin da aka manta. Duba amsar da aka ba ta a ayoyin da ke biye. Ba a ce mata ta yi butulci ba. An ce kada ki yi baƙin ciki, ga ruwa a ƙarƙashinki, girgiza dabino, ki ci ki sha ki kwantar da hankalinki. Lallashi da abinci da ruwa. Mu kuma mai jego ta ce tana cikin ƙunci sai mu ce ta yi istigfari kamar ta yi saɓo. Hadisi ya inganta cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Neman magani ba ya warware tawakkali. Ki riƙe azkar ɗinki, ki je asibiti.

Maman Haidar: Malama na buɗe na karanta. Sau nawa na wuce ayar nan ban taɓa tsayawa a kanta ba. Allah ya saka da alheri.

Shugabar Zaure: Wani bawan Allah, mijin ɗaya daga cikinmu, ya roƙi a saka wannan ba suna: "Matata ta yi irin wannan bayan haihuwarmu ta fari. Na ɗauka raini ne. In dawo kasuwa in tarar ba girki, ba wanka, tana zaune tana kallon bango. Na yi faɗa, na yi gaba, har takarda na kusa rubutawa. Ba ta kula yaron sai iyayena suka ce kunyar ɗan fari ce, har ana yaba mata. Wata 8 muka yi a haka kafin wani abokina ma'aikacin lafiya ya ce in kai ta a duba. Abin da nake jin nauyinsa har yau, ni ne mutumin da ya fi kusa da ita kuma ni na fi kowa ƙara mata. Ku gaya wa maza, ba wanda ya taɓa faɗa mana akwai irin wannan."

Gwaggon Yara: Maganar kunyar ɗan fari ta tsaya min a rai. Mu an hore mu kada mu kalli ɗan fari a gaban mutane, kada mu kira sunansa. Ɗiyata ta biyu da ta haihu, ko ɗaukarsa ba ta yi sai an miƙa mata, ina ta jin daɗi na ce ta yi kara. Ta rame ƙwarai a shekarar. Yau shekara 12, ban taɓa kawo komai a raina ba sai yanzu. Amma mai kunya in an fita daga ɗaki tana rungume abinta tana masa wasa. Ita ban sani ba ko tana yi.

Amaryar Bara: Anti Nas, tsorona maganin. An ce in ka fara ba ka dainawa, kuma yana bi ta nono.

Anti Nas: Ba kowa ake ba ƙwaya ba. In bai yi tsanani ba, zama da ma'aikaciyar da aka horar a yi ta tattaunawa, da gyara barci da samun mai kama aiki, suna isa. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan an koya wa matan da ke aikin lafiya gida-gida yadda za su zauna da masu ciki da masu jego su taya su warware tunani. Sakamakon da aka fitar a 2008 ya nuna bayan wata 6 da haihuwa kashi 23 ne suka rage da ciwon cikin waɗanda aka yi wa haka, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 53. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da tsarin littafin koyarwa ga ƙasashe. Mata ne Musulmi na ƙauye, masu zama da surukai kamar mu, kuma ba likitoci ne suka yi aikin ba.

In ya yi tsanani akwai magunguna irin su satralin da ake ba mai shayarwa, abin da ke shiga nono kaɗan ne ƙwarai. Yana ɗaukar mako 2 zuwa 4 kafin a fara jin sauƙi, ana ci gaba da sha watanni bayan an warke, sannan likita ya janye shi a hankali. Ba ya cikin ƙwayoyin maye. Amma kada wadda ta je kemis ta saya da kanta, kuma ban da maganin barci ko na tari don a samu runtsawa, ta nan mata da yawa suka faɗa shaye-shaye.

Wurin zuwa kuma ba sai an fara da asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa ko Kware ba, duk da can ne ƙwararrun suke kuma ba abin kunya ba ne. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika suna da sashen. A fara da inda ake awo ko rigakafi. Akwai takardar tambayoyi 10 da aka fitar a Edinbura a 1987, tana tambayar yadda mace ta ji cikin kwana 7 da suka wuce, minti 5 an gama. Ba ko'ina ake bayarwa ba sai an nema, mu ma layi kan yi mana yawa mu duba yaro mu manta uwar, wannan laifinmu ne.

Maman Haidar, tambaya ta 10 a takardar zan yi miki a nan, in haɗa da ta yaron, kada ki ji nauyi. Tunanin cutar da kanki ko yaron ya taɓa zo miki?

Maman Haidar: Yaron a'a, wallahi. Ni dai wani lokaci nakan ji da na bi Umma da kowa ya huta. Ban taɓa shirya yin wani abu ba. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba.

Anti Nas: Na gode da kika faɗa. To ba za a jira rigakafin mako 14 ba, gobe za ki je. Ki faɗa musu da kalmomin nan da kika rubuta, har da wannan ta ƙarshe, kuma ki ce a duba jininki. Daren yau ki nuna wa Baban Haidar wannan zaren, musamman saƙon bawan Allahn nan, ku tafi tare. In tunanin ya yi ƙarfi cikin dare ki tashe shi, kada ki zauna da shi ke kaɗai. Na turo miki saƙo ta akwati.

Maman 'Yan Mata: Anti, ni tawa ta shekara 2 yanzu, kuma har yau ban dawo daidai ba. Lokaci bai ƙure ba?

Anti Nas: Bai ƙure ba. Wanda ba a yi wa magani ba yakan ja shekaru. Ki je ke ma.

Gwaggon Yara: Maman Haidar, a Kano kike? In a Kano kike turo min unguwarku ta akwati. Ban iya abin da Nas ta iya ba, amma na iya raino da dama kunu, ba na kanwa ba tun da an hana. In maigidanki ya yarda zan zo in riƙe miki yaron ki yi barci. Ɗiyata kuma yanzu zan kira ta.

Maman Haidar: A Kano nake Gwaggo, na turo. Ya dawo daga masallaci na miƙa masa wayar, yana zaune a bakin gado yana karantawa, bai ce komai ba tukuna. Jaririn ya tashi, bari in ba shi nono.